Alamar da Isiyaku Yake Jira

Ranar da na dawo, ga waɗanda na tarar a falona a unguwar Hindawiyya, nan Makka: Hajja Larai mai goro, da Hajja Amina 'yar Damagaram, da Zulai matar ɗana Sa'idu, da Malama Hadiza matar tela, da Maimuna da ta taso tun daga Zahir, wadda ba ta zuwa gidan mutum sai ta jiyo ƙanshin labari. Baba Ɗanjuma mai gyaran firji ma ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mini barka da sauka. Kowa da tambayarsa. Ya Masar? Ya ruwa? Da gaske ne suna cin ruɓaɓɓen kifi? Ban amsa wa kowa ba, don ƙafafuna sun kumbura, ƙasa kuma tana ta lilo da ni kamar har lokacin ina cikin jirgi.

Tun daga ranar ba a bar ni na huta ba. In na fita sayen burodi, tambaya. In na zauna bakin kaskon waina, tambaya. Shi ya sa na zaunar da Hadiza, ita da ta yi boko a Zariya, na ce ta rubuta sau ɗaya tak, yadda na faɗa, kada ta yi mini gyara. Ni Rakiya ban shiga aji ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Wadda ta sake tambayata, a miƙa mata takardar.

Ƙanina na tafi ɗaukowa. Isiyaku sunansa, mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari. Mutanen ƙasar Katagum ne, da ƙafa suka taho neman aikin Hajji, suka yada zango a Sudan suna tsinkar auduga har aka haife mu. Da lokacin ƙetarewa ya yi, a bakin ruwan Sawakin, mai jirgi ya ga tabon ƙyanda bai gama bushewa a jikin Isiyaku ba, ya ce ba zai ɗauke shi ba. Aka bar shi wurin Baffa, ƙanin mahaifinmu, da cewa za su biyo mu. Ba su biyo ba. Baffa ya yi aure, ya sa yaro a makaranta, yaro ya zama sojan ruwa, ya yi ta hawa har ya kai yana koya wa hafsoshi dabarun yaƙin teku. Inna ta aika, ta sake aikawa, amsa ɗaya ce: yaro ya ce ba zai zo ba. Sai bayan rasuwarta ya zo Hajji. Ya sha shayi a gidana a tsaitsaye. Na ce a raka shi Ma'ala inda aka binne ta, ya ce ayarinsu na jiransa.

Da tsufansa yaƙi ya tashe shi daga Kartum. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'ya sun watsu a duniya, shi kuma ya ƙare a Iskandariya. Wani Basudane abokin tuƙin Sa'idu ya kawo mana labari cewa ciwon suga ya ci masa ƙafa, ya daina saukowa daga bene. In na kira shi a waya na ce ya zo, sai ya ce layi ba kyau. Zuwa da kai ya fi aike. Na ce wa Sa'idu ya ajiye taksi, ya yi mana bizar Masar da takardar fita da dawowa. Wannan takarda tana da wa'adi, in ya cika kana waje iƙamarka, wato izinin zama a ƙasar nan, ta shiga uku. Da wannan wa'adi a wuyana na fita.

Sa'idu ya so mu bi sama. Na ce a'a. Ruwa na san sharrinsa, sama ban san nata ba. Ga shi kuma ba za su bar ni da jarkar zamzam da na cika wa Isiyaku ba.

Daga Jidda muka hau bas zuwa Duba, inda ake shiga jirgin Masar. Hanya ce mai nisa, teku na hagunka, dutse na damanka, ba abin kallo. Wadda aka zaunar kusa da ni Bamisriya ce, Ummu Tariƙ, mai shara a wani asibiti, za ta gida aurar da 'yarta. Tun kafin mu kai Yanbu na san sunan surukinta, da ciwon bayan mijinta, da abin da ta saya wa kowa. Mu a nan mace kan yi shekara tana maƙwabtaka da ke ba ki san abin da ke tukunyarta ba. Su kuwa cikinsu a tafin hannu yake. Ta ba ni wani lemon tsami da gishiri ya ratsa, na karɓa don kunya, na ɓoye a gefen jaka. Da ta ga jarka ta ce, "Zamzam ce, ya Hagga?" Haka suke faɗa, ba sa iya cewa Hajja. Na tsiyaya mata a kofi. Da na san abin da na buɗe wa kaina, da na ce kananzir ne.

A Duba aka tsayar da ni wajen jawazat, masu duba fasfo. Na'urar da ke ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni. Yaron da ke wurin ya ce in sa babban yatsa, na sa. Ya ce manuni, na sa. Ya ce, "Ya hala, ina basmarki?" Na ce kaskon waina ya cinye ta. Layi ya taru a bayana, Misirawa na ta surutu, jirgi na ta busa, Sa'idu na ta goge gumi. Ni dai abin da nake gani shi ne in koma Makka saboda yatsa. Ummu Tariƙ ce ta ratso layi, ta kama hannuna ba ko neman izini, ta goga yatsan a gefen hancina inda maiƙo yake, ta danna a na'ura. Na'urar ta kawo kore. Ummu Tariƙ ta ce duk masu shara haka suke yi. Na ƙara mata zamzam.

Jirgin kuwa gari ne guda, har da masallaci da kanti. Wannan bai ruɗe ni ba. Da wani ma'aikaci ya nuna inda ake ajiye rigunan ceto, masu ruwan lemo, na ɗauki ɗaya na ɗaura a kan abaya, na nemi benci kusa da ƙaramin kwalekwalen da suke ratayewa a gefe, na zauna. Sa'idu ya ce, "Umma, mutane na kallonki."

Na ce, "Su kalla. In ya kife sa ga mai wayo."

Kafin rana ta faɗi wani jirgi mai launin toka ya wuce mu daga nesa, ba fasinja, ba shanya, shiru kamar kada. Sa'idu ya ce irin na Kawu ke nan. Na bi shi da ido har ya ɓace. Ban runtsa ba har muka ga Safaja, tashar Masar.

Masar ƙasa ce da ba a yin shiru. Ma'aikacin kwastan ya buɗe kayana, ya ga dabino da garin kunu, ya ga jarka. Da ya ji daga Makka nake, sai ya cire hula ya ce in yi wa uwarsa addu'a, ya kawo kofi. Direban bas zuwa Alƙahira ya kawo kofi. Mai shayi a tashar jirgin ƙasa ya kawo kwalba. Mu da muke kwana muna tashi da Harami mun manta abin da yake a idon mutane. Ba ka iya hana su, sai dai ka ji jarka tana ta sauƙi a hannu.

Abincinsu kuma, Hadiza rubuta wannan da kyau. Akwai wanda suke kira kushari: shinkafa, taliya, wake, albasa, duk a kwano ɗaya, kamar an share kicin an zuba maka. Na ci, ba laifi, amma ban ga dalili ba. Burodi a kan katako suke shanya shi a bakin titi, ƙura na sauka, mai keke ya ɗora faifai guda a ka yana ratsa motoci. Ruɓaɓɓen kifin gaskiya ne, Maimuna, na ji warinsa, ban kai ga ɗanɗanawa ba. Titi kuwa ba a jiran mota ta tsaya. Shiga ake yi, a bar wa Allah. Na riƙe rigar Sa'idu kamar yadda yake riƙe zanina yana yaro.

A Iskandariya, unguwar masunta muka nufa. Tsohon bene ne, ba na'urar hawa. Mai gadin gidan, Ammu Ragab, da ya ji sunan da muke nema ya ce, "Kyaftin? Can ƙololuwa." Muna tsaye sai ga kwando yana saukowa daga sama da igiya. Ammu Ragab ya zuba burodi da ƙullin wake a ciki, aka ja. Haka suke cefane, mai sama ba ya saukowa. Ya ce rabon Kyaftin da taka ƙasa tun sanyin bara, kwandon nan ne ƙafarsa.

Na hau ina hutawa a kowane hawa. Ɗaki ɗaya ne a kan rufi, da 'yar baranda mai kallon tashar masunta. Na tarar da shi a kujera, da farin rawani irin na Sudan, da madubin hangen nesa a wuya, ƙafa ɗaya a naɗe a kan akwati. Tun daga ƙofa na ji warin ƙafar. Tsofaffi uku 'yan Sudan na zaune gabansa suna shan shayi.

A nan na yi wauta. Mu a gidanmu babba ba ya roƙon ƙarami. Ko gaisawa ba mu gama ba na ce, "Auta, tashi ka haɗa kayanka. Ba ni fasfo ɗinka Sa'idu ya kai a buga bizar Umra. Dubi yadda ka zama."

Tsofaffin ba sa jin Hausa, amma murya ba ta bukatar tafinta. Suka sunkuyar da kai. Mutumin da suke kira Kyaftin, wata tsohuwa ta shigo tana yi masa tsawa kamar ya yi fitsarin kwance. Ya dube ni ya daɗe. Hausarsa ta tsaya ne inda aka bar ta, ta yara, sai ya cike da Larabci.

"Yaya, sannu da hanya. Jirgi ba ya shiga tasha sai ya nemi izini."

"Ni ba jirgi ba ce. Yayarka ce."

"To zauna ki sha shayi."

Fasfo kuwa ya ce yana inda yake. Na miƙa masa abin da ya rage a jarka, bai fi a jiƙa maƙogwaro ba. Ya ce, "Wannan ce zamzam ɗin Makka gaba ɗaya?" Na ce ya tambayi Misirawa.

Ammu Ragab ya sama mana ɗaki a hawa na biyu wurin wata gwauruwa. Gado mai ƙara, famfo mai ɗiga, ga masu wasan domino a ƙarƙashin taga. Kullum da safe in hau sama, in wanke ƙafar, in dama kunu, in ce fasfo. Kullum ya ce in sha shayi. Likitan da Sa'idu ya kawo ya ja ni gefe ya ce ƙafar tana son asibiti da mai kula, ba ɗaki a kan rufi ba. Na kasa zaune na kasa tsaye. In na zauna in tuna wa'adin takarda, in na tashi in tuna Zulai na can tana ƙona mini waina tana korar masu saye. Na share ɗakinsa har ya ce zan kankare siminti. Na bincike ƙarƙashin katifa da cikin akwati yana kallona.

Tsofaffin nan ashe darasi suke zuwa ɗauka. Bayan la'asar sai ya jawo tire, ya jera kofunan shayi, ya shiga yaƙi. Da farko ina jin su ne daga wajen murhu. Daga baya na matso, don in ka rasa ƙofar gida sai ka zagaya ka ga inda bango ya tsage.

Ya ce a zamanin da, jirgi da kansa shi ne mashi. Mutane ke tuƙa shi da hannu, a goshinsa akwai ƙahon tagulla, a yi ta neman cikin na abokin gaba a huda. Ya ce daga wannan gari ma Musulmin farko suka fita, zamanin Sayyadina Usmanu, su ba gwanayen ruwa ba, Rumawa kuwa a ciki suka tashi. Sai suka ɗaure jiragensu da na Rumawa, teku ta koma fili, aka yi ta da takobi. "In ba ka iya rawar mutum ba," in ji shi, "ka canja masa kiɗa."

Sannan igwa ta zo, ita kuma a haƙarƙarin jirgi take, ba a goshi ba. Dole jirage su bi juna a sahu ɗaya, kowa ya ba abokin gaba gefensa. Wanda iska ke bayansa shi ke zaɓar lokacin faɗa. Ya jera kofuna a miƙe, ya ɗauko cokula ya gitta su a gabansu. Ya ce wannan shi ne burin kowane jagora: sahunka ya gitta kan sahun wancan, duk igwoyinka na kallonsa, shi kuwa na gabansa kaɗai ke iya harbi, sauran na bayan ɗan'uwansu.

Na ce, "Ai wannan ayarin mutanen Indonisiya ne a ɗawafi. Su riƙe juna su gitta gabanka, ko kai waye sai ka tsaya."

Ya fassara wa tsofaffin, suka yi dariya. Shi ma gefen bakinsa ya motsa. Ran nan ya fara ba ni kofi a cikin yaƙin, ya ce in riƙe, ni ce jirgin baya.

Ya ce yanzu duk wannan ya wuce. Ba ka ganin wanda zai kashe ka. Yana ƙarƙashin ruwa, ko yana bayan inda sama ta haɗu da teku, ya aiko maka da makami mai linzami. Wanda ya riga ganin wani ya riga bugu, shi ke nan. "Amma abu ɗaya bai canja ba tun daga masu tuƙi da hannu. Alama. Jirgi ba ya barin inda aka ajiye shi sai jagora ya ɗaga masa tuta. In ya gani, shi ma ya ɗaga irinta, don jagora ya san an gani. Ko wuta yake ci, ko shi kaɗai ya rage, in ba alama, yana nan."

Na ce, "Ko da an manta da shi?"

Ya jira baƙinsa suka tafi. Yana tattara cokula ya ce, da Hausar nan tasa ta yara, "Inna ta ɗora ni kan dutse a Sawakin. Ta ce, tsaya nan, kada ka motsa. In jirgi ya fita zan ɗaga maka farin mayafina. In ka gani, ka san zan aiko a kawo ka. Na tsaya. Na ga jirgi ya fita, na ga ya zama ɗigo. Ban ga mayafi ba."

Na ajiye tsintsiya. Ni ina cikin jirgin nan, a jikinta nake. Ban taɓa sanin an yi wannan alkawari ba, amma na san abin da na gani. Na ce masa ai Inna ta cire mayafin. Ta miƙe tsaye da shi a hannu. Mai jirgi ya daka mata tsawa, ya fizge ya cusa ƙarƙashin buhu, don ba mu da takarda, farin ƙyalle kuwa daga nesa masu sintiri ke hango shi. Ta yi kuka har muka sauka, kanta ba lulluɓi.

Na zaci zai yi kuka. Sai ya gyaɗa kai kamar malamin da aka ba amsa daidai. "Mai jirgin ya yi gaskiya. Ni ma haka zan yi."

"To ka ji. Ba ni fasfo."

"Na ji, Yaya. Amma labari daban, alama daban. Alamar da ba a gani ba, ba a ba da ita ba."

Na sauko ina huci. Na ce wa Sa'idu kawunsa ya haukace, mu tafi. Har na fara naɗe kaya. Amma hannuna na naɗi, kaina na kan tire. Washegari da la'asar na koma na karɓi kofina na jirgin baya, na bari ya yi nisa a yaƙinsa, sannan na sa yatsa na kwantar da kofin gaba.

Na ce, "Wannan ya nutse. Sai kowa ya tsaya har tashin kiyama?"

Ya ce, "A'a. Tuta ta koma kan wanda ke bin sa a girma. Take, ba shawara."

"Ko da na baya ne a sahu?"

"Ko a ina yake."

"Kuma dole a bi shi?"

"Dole."

Na ce to, na tashi na wanke kofuna.

Kullum bayan sallar asuba, in gari ya yi haske, yakan zauna a baranda da madubinsa yana duba jiragen masunta, yana yi musu faɗa su da ba sa jin sa. Na sa Ammu Ragab ya haɗa ni da wani masunci. Sa'idu ya ce, "Umma, ke da kika kwana da rigar ceto a jirgi mai masallaci?"

Na ce, "Ka zo ko ka zauna."

Kwalekwalen bai fi tabarma biyu ba, shuɗi, yana warin kifi, ba rigar ceto ko ɗaya. Da na sa ƙafa ya karkata, na ji Sawakin ta dawo mini har cikin hanci. Muna fita daga inuwar gini ruwa ya fara ɗaga mu yana saki. Kunun da na sha ya dawo, na ba teku. Masuncin ya ce wa Sa'idu a mai da Hagga. Na ce ya ci gaba har sai na ga barandar sosai. Da muka kai tsakiyar tasha na hango ta, da ɗigon fari a kujera.

Na ciro farin mayafin da nake salla da shi. Na kama wuyan rigar Sa'idu da hannun hagu, na miƙe tsaye, na ɗaga da dama.

Ba abin da ya motsa. Iska na fizgar mayafi, kafaɗata na ci da wuta. Masunta a wasu jiragen suka bar taru suna kallo, wani ya ɗaga mini hannu yana zaton shi nake gaisarwa. Na canja hannu. Sa'idu ya ce, "Wataƙila ba nan yake kallo ba."

Na ce, "Nan yake kallo. Ba abin da ke wuce shi a ruwan nan."

Na sake canja hannu. Na ce a raina, Inna, na ɗaga miki, saura nasa. Har na fara jin hannun ba nawa ba ne, sai na ga ɗigon ya miƙe. Mutumin da sai an tallafe shi yake zuwa banɗaki, ya dafa ƙarfen baranda ya tsaya. Ya kai hannu ka. Rawanin Sudan dogo ne, ya daɗe yana warwarewa. Ya ɗaura bakinsa a ƙarfe, ya sake shi, ya zubo fari har ya wuce tagar hawan ƙasa da shi.

Na zauna a kan kifin mutane.

Da muka iso ƙofar gida, kwando na rataye daidai kan Ammu Ragab, yana ta leƙa ciki yana cewa yau Kyaftin bai sa kuɗin burodi ba. Fasfo ne a ciki, a naɗe a leda. Na hau sama ba tare da na huta ko sau ɗaya ba. Na same shi ya koma kujera, kai ba rawani, furfura a waje, idonsa ja.

Ya ce, "A karkace kika ɗaga. Kuma jirgin jagora ba ya amai."

Na ce, "Haɗa kayanka."

Ya ce, "To, Yaya."

Biza ta ɗauki kwanakinta, ta fito wa'adina na gab da cika. Ya raba wa tsofaffinsa kofuna da tire, ya bar wa Ammu Ragab kwando. Madubin kaɗai ya riƙe. A kujera aka sauko da shi, masunta huɗu suka ɗauka, yana ba su umarni a kowace kwana. A jirgin dawowa ni na koma bencina da rigata mai ruwan lemo, shi kuwa ya sa aka tura shi bakin ƙarfe, ya yi ta kushe yadda matuƙin ya fita daga tasha. A Duba yatsana ya sake ƙi, na goga a hanci da kaina. A Rabig ya ɗaura harami. Da muka shigo Makka ya leƙa ta taga ya ce, "Gari duk dutse, ba ruwa ko na alwalar kaza. A nan kuka zauna?" Sa'idu ya wuce da shi Harami kai tsaye a keken guragu don ya sauke Umra, ni na taho gida da kaya. Shi ya sa kuka gan ni ni kaɗai a ranar.

Washegari da safe ban hura wutar waina ba. Na ce asibiti za mu fara zuwa, ya ce Ma'ala. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na rufe. Muka tafi a taksin Sa'idu. Mata ba sa shiga, kun sani, don haka na tsaya a bakin katanga, na nuna musu ɓangaren da aka sa ta, don kabarin kansa ba mai iya nuna shi yanzu. Sa'idu ya tura shi ciki. Na ga farin rawani yana tafiya tsakanin duwatsu har ya tsaya. Rana ta fara zafi, ƙafafuna na zugi, motoci na ta yi wa taksin da muka ajiye a karkace hon. Ban motsa daga inda nake ba.

Da suka fito ya ce, "Na shaida mata na iso."

Na ce, "To. Saura ƙafa."

Na kama hannun keken da kaina na tura shi zuwa mota.